ITACEN SHINGE MAI SAURIN GIRMA: A AUNA KAFIN A DASA

Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi a wurin taron wayar da kan jama'a a kan dashen itatuwa a gidaje



Ina godiya ƙwarai da kuka bar sana'o'inku kuka taru a nan. Abin da ya kawo ni yau wata 'yar magana ce wadda ta yawaita cikin wasiƙun da jama'a ke aiko wa ofishinmu, daga Legas da Ibadan da Fatakwal, har da garuruwan Arewa. Kusan duk kuka ɗaya su ke yi. Mutum ya gina gidansa, ya kewaye shi da katanga, iyalinsa na zaune cikin rufin asiri, sai ran nan maƙwabci ya ta da bene. Daga ranar tsakar gida ta zama kamar kasuwa. Uwargida ba ta iya zama ta yi kitso a inuwa, ba ta iya fitowa daga bayan gida sai ta yi lulluɓi, ko shanya ta yi sai da ɗar-ɗar, domin ga taga can sama tana kallonta. Wani daga cikin masu wasiƙun nan har ya haɗo da hoton waɗansu itatuwa dogaye sirara, an jera su kamar sojoji a faretin safe. Ya ce a wayarsa ya gan su, an kuma rubuta cewa cikin shekara uku su ke rufe gida ruf. Yana so in gaya masa sunansu da Hausa, da kuma inda zai sami irinsu.

Aikina fassara ne, saboda haka bari in fara da kalma. Abin da Bature ke nema in ya dasa irin wannan shinge, mu ba mu da kalma guda da ta yi daidai da shi, amma mun fi shi sanin abin. Sutura ce. Don ita kakanninmu suka ƙago zaure da shigifa, suka karkata ƙofa yadda mai wucewa ba zai hangi ciki ba. Don ita talaka ke kafa darni ko ya ɗaura zana kafin ma ya gama ɗakin kwana. Sai dai duk dabarun nan an yi su ne saboda idon da ke tafiya a ƙasa. Ba a yi su don idon da ke sama ba. Katanga kuwa tana da iyaka: in ta wuce ƙafa 8 ko 9 kuɗinta ya yi yawa, iska ta daina shiga gida, ga kuma dokokin tsara gari. Ashe mai neman itace bai yi wauta ba. Tambaya kaɗai ita ce, wane itace, kuma a ina.

Itacen da ke cikin hoton

Turawan Ingila na kiransa poplar, Larabawa na ce masa hawar. Ba shi da suna da Hausa domin ba ya fitowa a ƙasarmu, saboda haka a cikin wannan jawabi zan riƙa ce masa fofila. Danginsa na da yawa, kusan dukansu kuwa a ƙasashen sanyi su ke: Turai, da Amurka ta Arewa, da Sin, da Turkiyya, da Iran, da Kashmir. Wanda aka fi ɗauka hoto, mai tsayuwa cak kamar mashi, daga yankin Lambadi na arewacin Italiya ya bazu cikin duniya. An kai shi Faransa a 1749, Ingila a 1758, Amurka a 1784. Rassansa ba sa bazuwa gefe, sama su ke bi manne da gangar jiki, yana kuwa iya kai ƙafa 100.

Ban zo in ɓata shi ba, gama itace ne mai albarka a inda Allah ya ajiye shi. A ƙasa mai dausayi yakan ƙara ƙafa 5 ko 6 a shekara guda. Dashensa kuma ba wuya. A ƙarshen sanyi, kafin ya farka ya fara toho, sai a yanko reshe ɗan shekara ɗaya mai kaurin fensir, a datsa shi inci 8 zuwa 10, a soka a ƙasa mai laima a bar ido ɗaya a waje, shi ke nan. Kamar dai yadda mu ke dasa rogo. Katakonsa fari ne marar nauyi, da shi a ke yin tsinken ashana da akwatunan 'ya'yan itace da falankin da a ke mannawa fallefalle. Shahararren zanen nan na Mona Lisa da ke birnin Paris a kan allon fofila aka yi shi. Saboda muhimmancinsa har hukuma ta musamman aka kafa masa a 1947, wadda ke aiki ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A jihohin Punjab da Haryana da Uttar Pradesh na Indiya manoma na jera shi a gefen gonakin alkama, su sare bayan shekara 6 zuwa 8 su sayar wa masu masana'antar katako.

To, wannan shi ne abin da mai talla zai gaya maka. Ga abin da ba zai faɗa ba.

Na farko, fofila na zubar da ganyensa ƙaf in sanyi ya shigo, ya tsaya tsirara wata huɗu ko biyar. Hoton da aka nuna maka na lokacin ganye ne. Na biyu, ba ya daɗewa. Na Lambadin nan duka daga reshe a ke dasa shi, watau kusan a ce itace ɗaya ne aka yi ta yankawa ana rarrabawa fiye da shekara 250, don haka cutar da ta kama ɗaya ta kama saura. A Amurka akwai wata cuta mai cin ɓawo wadda kan fara kashe shi daga ƙololuwa, sau da yawa kafin ya cika shekara 15, mai gida ya wayi gari da jerin busassun sanduna masu jiran iska ta kayar da su a kan rufi. Ƙasar Sin ta ɗanɗana irin wannan a babban mataki. A 1978 ta fara wani gagarumin shiri na dasa itatuwa a arewacinta don tare hamada, aka dogara ƙwarai ga fofila saboda saurinsa, sai wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni da ke huda itace ya samu abinci iri ɗaya shimfiɗe mil bayan mil, ya hallaka miliyoyi. A birnin Beijing kuma, macen fofila da aka dasa da yawa shekarun baya tana sakin wani abu kamar audugar rimi kowane watan Afrilu, ya cika tituna, ya shiga hanci da ido.

Na uku shi ne babba, shi ne kuma dalilin da ya sa na tsaya a kan itacen da ba namu ba. Itace ba ya yin sauri a banza. Abin da ya sa ya ke ƙara ƙafa 6 a shekara shi ne yawan ruwan da ya ke sha, saiwarsa kuwa ita ce 'yar aikensa. Ba ta nutsawa can ƙasa sosai, bazuwa ta ke yi kusa da sama tana neman laima, in ta sami ɗan tsagi a jikin bututun ruwa ko na bayan gida sai ta kutsa, ta yi gashi a ciki har ta toshe shi. In kuma gidan a kan laka ya ke, sai ta tsotse ruwan da ke ƙarƙashin harsashin gini, lakar ta tsuke, gefe ɗaya na gidan ya zauna, bango ya tsage. Mutanen kudancin Ingila sun ga haka da idonsu a farin da aka yi a 1976, lokacin da gidaje masu yawa da ke kan lakar London suka daddare. Masanan lambun binciken tsirrai na Kew sun tattara labarin irin gidajen nan suka buga a 1981, aka sami inda fofila ya yi wa gini lahani daga nisan mita 30, watau kusan ƙafa 100. Shi ya sa ƙa'idar magina a can ta ce, a kan laka, itace mai yawan shan ruwa yana iya taɓa gini har nisan tsawonsa da rubu'in tsawonsa in ya gama girma.

Ko zai yi a ƙasarmu?

Amsa a taƙaice, a'a. Fofila na bukatar sanyi na sosai wanda zai sa shi barci, yana kuma lura da tsawon yini da gajartarsa don ya san lokacin toho da lokacin hutawa. Ko a Indiya, sai daga wajen digiri 28 arewa da tsakiyar duniya zuwa sama a ke nomansa. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 ne. Kano tana kan 12. Hunturunmu, duk da yadda ya ke fasa mana leɓe da kaushi, wasa ne a wurinsa. Akwai dai wani ɗan'uwansa guda da ke fitowa a bakin kogin Tana da waɗansu koguna na ƙasar Kenya, amma wannan na bakin ruwa ne, ba na shingen gida ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da iri ko reshen fofila mai rufe gida cikin shekara uku, riƙe kuɗinka.

Amma kada mu ce tun da ba ya yi a nan maganar ta ƙare. Muna da namu masu saurin, halinsu kuwa ɗaya ne da nasa. Ni kaina shaida ne.

Lokacin da na gama ɗan gidana, fili ne irin wanda aka saba yankawa, ƙafa 50 a kan 100, ba a yi shekara ba aka ta da bene a bayana. Na tafi wurin masu sayar da dashe na ce a ba ni wanda ya fi kowanne sauri. Aka ba ni itacen turare guda 6. Na jera su taku biyu daga katanga, kusa da ramin da ruwan wanka ke gangarawa, ina cewa na yi dabara, ba sai na yi ta ban ruwa ba. Lalle kuwa sun yi sauri. Shekara ta uku sun kai tagar, na riƙa kiran abokai suna zuwa gani. Shekara ta biyar sun wuce tagar, suka kakkaɓe rassansu na ƙasa kamar yadda turare ya saba, sai ga tagar ta sake bayyana tsakanin gangar jikinsu, ganyen yana can sama yana yi wa tsuntsaye sutura. Shekara ta shida bututu ya toshe, aka tona, aka zaro saiwa dunƙule kamar gammo. Katanga ta tsage tun daga tushe. Sa'an nan wata iskar farkon damina ta karyo reshe ta jefa a kan kwanon maƙwabcina na gefe, mutumin da bai yi mini laifin kome ba. Da na tashi sare su, ba wurin da za a kayar da su, sai da aka ɗauko masu hawa suka riƙa datsawa guntu-guntu suna saukarwa da igiya. Abin da na biya su ya ninka kuɗin dashen sau da yawa, ban da gyaran katanga da kwanon mutane. Kututturan kuma ba su mutu ba, suka yi ta tofo har sai da aka tone su. Sauri ya haifi nawa.

Ba laifin turare ba ne. Daga Ostareliya aka kawo shi, ya kuwa yi wa ƙasar nan aiki: shi ne a yawancin jerin itatuwan kare iska da aka dasa a jihohin Kano da Jigawa, shi ne ya rufe tuddan Jos da Mambila, da shi a ke samun turakun gini da itacen girki. Wurinsa gona, da gefen makaranta, da babban fili. Ba shi da wuri a gida mai ƙafa 50.

Waɗanda suka fi dacewa

Darbejiya kowa ya san ta, ko da wane suna ya ke kiranta, dogon yaro ko maina ko bedi. Asalinta Indiya da Bama, an kuwa shigo da ita lardin Borno a 1928, ga ta nan ta mai da titunan Maiduguri rumfa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, da ita aka fara dasa jerin kare iska a 1975 bayan babban farin nan na farkon shekarun 1970, manoma suka ga amfanin gonarsu ya ƙaru a bayan jerin. Tana jure fari, ba ta daɗewa ba ganye, gara ba ta cika damunta ba. Aibinta a ƙaramin gida shi ne faɗi. In an bar ta sai ta yi kai kamar lema, ta rufe gidanka da rabin na maƙwabci, saiwarta kuma ta ɗaga daɓe. Mai son ta sai ya ba ta aƙalla ƙafa 25 ko 30 daga ɗaki, ya kuma yarda zai riƙa yi mata aski kowace shekara biyu ko uku. Ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya.

Wanda ya fi kama da fofila a ido shi ne wanda masu sayar da dashe a bakin titi ke kira maskwared, watau dodo, saboda ganyensa na zubowa tun daga kai har ƙasa kamar rigar dodon wasa. Daga Indiya da Siri Lanka ya fito. Kun sha ganinsa a ƙofar ofisoshi da otal-otal a Abuja da Legas da Kaduna. Siriri ne, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya, yana kai ƙafa 30 zuwa 40 ko fiye, faɗinsa kuwa bai cika wuce ƙafa 5 ko 6 ba. Bai kai turare sauri ba, sai an yi haƙurin shekara 4 ko 5 kafin ya kai tagar bene, kuma a can Arewa mai nisa yana son ban ruwa da rani. A ganina, ga mai ƙaramin fili a birni, shi ne zaɓi na fari.

Sa'an nan ga namu na gida wanda muka raina, aduruku. Yarabawa na ce masa akoko, da ganyensa su ke naɗin sarauta. Ibo na ce masa ogirisi, suna kafa shi a kan iyakar fili. Miƙewa ya ke yi sama ba ya yin faɗi, sanda a ke sarowa a kafa da damina ta kama, ba a sayen sa da tsada in ma an saya. Ƙasansa kan zama ba ganye, amma wannan ba kome, ai katanga ta rufe nan. Abin da a ke so shi ne ganye daga kan katanga zuwa sama. Yana fid da 'ya'ya daga saiwa, sai a riƙa cirewa. In kuwa ba bene ne damuwarka ba, idon mai wucewa ne kawai, to, lalle da bini-da-zugu da ararraɓi da aguwa sun isa, kakanninmu ma da su suka yi shinge. A lura dai 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara. Cediya da durumi kuwa a bar su a ƙofar fada da dandali, kada a kawo su kusa da ɗaki ko rijiya.

Awo kafin haƙa

Yawancin mutane na dasa itace fiye da bukatarsu. Taga ɗaya ce ko biyu ke damunka, amma sai ka jera itace 20 ka kewaye gida, ka toshe iska, ka hana rana shiga, ɗaki ya yi sanyi da danshi, sauro ya sami mafaka. Ga wata dabara wadda ba ta cin ko kwabo. Sami doguwar gora ka ɗaura mata tsumma a kai. Ka sa uwargida ta zauna a inda ta saba zama, ta tsaya a inda ta saba girki da wanki, yaro kuma ya riƙe gorar yana bin gindin katanga. Duk inda tsumman ya shiga tsakanin idonta da tagar, a yi alama a ƙasa, a kuma auna tsawon gorar. Nan ne wurin itacen, wannan ne kuma tsawon da a ke bukata. Sau da yawa za ka tarar itace 3 ko 4 masu ƙafa 15 zuwa 20 sun gama aikin. Ka lura kuma, itacen da ke kusa da mazauni ya fi na nesa rufewa, kamar yadda tafin hannu ke rufe rana in an kawo shi kusa da fuska.

Bayan wannan sai ka dubi abu huɗu: harsashin ɗaki, ramin bayan gida da bututunsa, rijiya, da wayar lantarki a sama. Ga manyan itatuwa masu shan ruwa, ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, nisan itace daga ɗaki kada ya gaza tsawon da zai yi in ya girma. Tsawon da zai yi, na ce, ba tsawon da ya ke da shi ranar da ka saye shi cikin leda ba. Ga sirara irin su maskwared da aduruku ana iya matsowa, amma a bar ƙafa 5 ko 6 daga katanga, a kuma ninka haka daga ɗaki da ramin bayan gida. Kada a dasa kome mai tsawo ƙarƙashin waya. Ranar da ya taɓa ta, ko ma'aikata su datse shi ba yadda ka ke so ba, ko yaro mai hawa ya gamu da ajalinsa.

Ka san irin ƙasarka kuma. In jigawa ce, haɗarin tsagewar gini kaɗan ne. In kuwa baƙar laka ce mai dararewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, irin ta firki a Borno da ta wajen Numan, to, ka ƙara nisa, gama ita ce 'yar'uwar lakar London da na ambata. Irin wannan ƙasa ko ba itace tana motsa gini, balle an sami mai tsotse ta.

Dashe da reno

Lokacin dashe shi ne in damina ta kankama, ƙasa ta sha ruwa sosai: a Kudu wajen Afrilu zuwa Mayu, a Arewa ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya haɗa kansa da jigilar ruwa wata bakwai. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, tun mako biyu kafin ranar. Ƙasar sama a ajiye ta gefe ɗaya, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wajen saye, kada dogon dashe ya ruɗe ka. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta naɗe kamar gammo, ko an dasa shi ba ya sakewa, iska na iya tuge shi bayan shekaru. Mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, mai kauri, ya fi. A yanke ledar a cire ta ɗungum, a sa dashen daidai zurfin da ya ke a cikinta, a taka ƙasa a hankali, a yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa, a shayar da shi nan take. Da yamma a ke yi, ba da tsakar rana ba. Tsakanin maskwared da ɗan'uwansa ƙafa 5 zuwa 6; aduruku ƙafa 2 zuwa 3; darbejiya ƙafa 12 ko fiye. Cusa su kusa da juna ba ya sa su rufe da wuri, sai dai su yi ta tsere zuwa sama su rame.

Ranin farko shi ne jarrabawa. Bokiti guda sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin ruwa mai nutsewa shi ke jan saiwa ƙasa, yayyafi kuwa sama ya ke koya mata zama, inda za ta dami daɓe daga baya. Inda ruwa ke da wuya, a binne tulu marar shafe kusa da gindin, a bar bakinsa a waje a rufe, a riƙa cika shi. Zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna da amfani, ban da mai omo da yawa ko mai gishiri. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye don ta riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin dashen saboda gara, a kuma barbaɗa toka. Akuya kuwa ba sai na faɗa ba. A yi masa kwando ko a kewaye shi da ƙaya ranar da aka dasa shi, ba gobe ba.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In ya kai tsawon da gorar nan ta nuna, da ɗan ƙari, a fara rage masa kai kowace shekara, kafin iskar farkon damina, tun ana iya isa da tsani da adda. Yanka ya zama a karkace, sumul, don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da shi. Wanda ya bar itace ya kai ƙafa 50 sa'an nan ya tuna da aski, sai ya nemi masu igiya irin nawa.

Saura maƙwabci. Saiwa ba ta san iyakar fili ba, ganye da inuwa ma haka. A Ingila rigimar dogon shinge tsakanin maƙwabta ta yi tsanani har sai da majalisarsu ta sa ta cikin doka a 2003, aka ba ƙananan hukumomi ikon sa mutum ya rage shingen da ba ya zubar da ganye in ya wuce mita 2 yana tare wa wani haske. Mu ba ma fatan mu kai nan. Kafin ka haƙa rami, je ka gai da mai benen, ka gaya masa abin da ke damun iyalinka. Na san inda aka yi haka, mai benen ya ji kunya, ya sa gilashi marar nuna ciki a tagar, ya ɗaga bangon barandarsa, magana ta mutu ba a dasa ko tsinke ba. In kuma sai an dasa, ka dasa cikin filinka sosai, ka gaya wa na gefe cewa duk reshen da ya ƙetara wurinsa kai za ka sare, ka kuwa cika alkawari. Mai haya ya nemi izinin mai gida tukuna.

Game da samun dashe, a fara tuntuɓar ofishin gandun daji na jiha ko na ƙaramar hukuma, a tambayi malamin daji wane iri ne ke yi a ƙasar wurin. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya tana Ibadan, tana kuma da rassa a wurare da dama, har da Samaru ta Zariya da Kano. Mazauna jihohi 11 na bakin hamada suna iya neman bayani a ofisoshin hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa da doka a 2015. In za ka je, tafi da awon filinka a rubuce, da nisan ɗaki da ramin bayan gida daga katanga, da tsawon gorar nan, domin da su ne malamin zai iya ba ka shawara.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Na ga hannuwa tun ɗazu a can baya wajen mata, sai a fara da su.